Yadda Ƙudan Zuma Ke Ɓata Wa Kaskar Varroa Haihuwa

Kaskar Varroa ba ta haihuwa a fili. Ƙwanta, renon 'ya'yanta da barbararsu duk suna faruwa ne a cikin gurbin saƙa da aka liƙe da kaki, inda ɗan ƙudan zuma ke kwance yana rikiɗa daga tsutsa zuwa cikakken ƙuda. Murfin kakin nan yana kare ta daga yawancin magungunan da masu kiwo ke sakawa a amya, amma kuma ya ɗaure ta a wuri guda na tsawon kwanaki goma sha biyu. Amyar da ma'aikatanta ke iya gane gurbin da kaska ke ciki, su fasa shi a kan kari, ta samu kaskar a inda ba ta da mafita. Wannan aiki ne masana ke kira ɗabi'ar tsafta. Sunan yana ɗan ruɗarwa, don ba sharar amya ake nufi ba. Magana ce ta gano ɗan da ke da matsala a ƙarƙashin murfi, a buɗe, a fitar da shi.

Ita kaskar ƙarama ce, ja mai duhu, shimfiɗaɗɗiya, faɗinta wajen milimita 1.6, tsawonta kuma wajen 1.1, ƙafafunta takwas. Asalin mai masaukinta ƙudan zuman Asiya ne, Apis cerana, wanda ya daɗe da ita har suka san juna. A ƙarni na 20 ta tsallaka zuwa Apis mellifera, nau'in da ake kiwo a mafi yawan duniya, daga nan ta bi cinikin ƙudan zuma ta bazu: ta shiga Amurka a 1987, Ingila a 1992, Afirka ta Kudu a 1997, Ostireliya kuma sai a 2022. A shekarar 2000 ne aka tantance cewa nau'in da ke wannan ɓarna daban yake da wanda aka sani tun farko, aka raɗa masa suna Varroa destructor. A wurin ƙudan Turai, wato Apis mellifera na nahiyar Turai, amyar da aka bari ba magani ba ta cika wuce shekara biyu zuwa uku ba.

Wanda bai riƙe lissafin kwanakin gurbi ba, ba zai gane dalilin da ya sa tsaftar ke aiki ba, don haka a bi shi a hankali. Ƙwan ma'aikaciya yana ƙyanƙyashewa bayan kwana uku. Ana ciyar da tsutsar wajen kwana biyar zuwa shida, sannan a liƙe gurbin, ta kwanta kwana goma sha biyu, ta fito a rana ta 21. Uwar kaska tana saukowa daga jikin ma'aikaciya mai renon tsutsa ta faɗa gurbin ana saura sa'o'i 15 zuwa 20 a rufe shi. Takan nutse cikin ragowar abincin da ke ƙasan gurbin ta yi lamo, ba motsi, har a liƙe murfi. Idan tsutsar ta cinye abincin, kaskar ta kuɓuta, ta hau jikinta ta fara tsotsa.

Ƙwan kaskar na farko yana zuwa ne kimanin sa'o'i 60 zuwa 70 bayan rufewa, kuma namiji ne. Daga nan sai ƙwai mace duk bayan sa'o'i 30. Kowace 'ya tana buƙatar kusan kwana shida kafin ta balaga. To a lissafa: macen farko an saka ta a wajen rana ta huɗu, ta balaga a ta goma, tana da isasshen lokacin barbara da ɗan'uwanta. Ta biyu tana balaga ne bayan rana ta goma sha ɗaya, da ƙyar take sha. Ta uku ba ta kaiwa, ƙudan ya riga ya fasa murfi ya fita, ita kuma jikinta fari ne mai taushi, ba za ta rayu a waje ba. Shi ya sa a gurbin ma'aikaciya uwa ɗaya ba ta cika fitar da fiye da 'ya ɗaya da ɗan ɗori ba a matsakaicin lissafi, wajen 1.3 zuwa 1.5. A gurbin namijin ƙudan zuma, da ke rufe kwana 14 zuwa 15, takan fitar da biyu ko fiye, kuma kaskar ta fi son gurbin maza nesa ba kusa ba. Namijin kaska kuwa ba ya fita ko kaɗan, a ciki yake mutuwa.

Ribar da kaskar ke samu a gurbin ma'aikaciya ke nan, siririya ce ƙwarai. Ba sai an kashe uwar ba. Ya isa a katse mata wannan jeri na kwanaki a kowace gaɓa: a kashe namijin kafin ya yi barbara, ko a ɗauke ɗan tayin, wato ɗan ƙudan da ke rikiɗa a ƙarƙashin murfi, da 'ya'yan ke ci a jikinsa. Duk wanda aka yi, zagayen ya tashi a banza.

Ɓarnar da take yi wa ɗan tayi iri biyu ce. Uwar tana huda rami guda a cikinsa wanda ita da 'ya'yanta duka ke sha daga ciki. An daɗe ana cewa jini kaɗai take tsotsa, amma binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa tana cin kitsen cikin ƙudan, wani sashe da ke yi masa aiki irin na hanta, wato ajiyar abinci, tace guba da haɗa garkuwar jiki. Na biyun ya fi muni. Ta wannan rami take shigar da ƙwayoyin cuta na bairos, musamman mai nakasa fiffike. Ƙudan da ya fito da fiffike a murɗe, ciki a tsuke, ba ya daɗewa. Galibi bairos ɗin ne ke ƙarasa amya, kaskar ce dai ta buɗe masa ƙofa.

An san ɗabi'ar tsafta tun kafin Varroa ta isa Yamma. Tun shekarun 1930 masu bincike a Amurka suka lura cewa wasu amyoyi suna tsira daga cutar ruɓewar tsutsa domin suna fitar da matattun tsutsotsi da wuri, kafin ƙwayar cutar ta kai matakin yaɗuwa. A 1964 Walter Rothenbuhler ya wallafa gwajin da har yau ake koyarwa da shi. Ya haɗa jinsi mai tsafta da marar tsafta, 'ya'yan farko duka suka fito marasa tsafta. Da ya mayar da su ga jinsin mai tsafta, sai amyoyin suka rabu gida huɗu: masu fasa murfi su fitar da gawa, masu fasawa su bar gawar a ciki, waɗanda ba sa fasawa amma suna fitarwa idan mutum ya fasa musu, da waɗanda ba sa yin ko ɗaya. Daga nan ya ce ƙwayoyin gado biyu ne ke riƙe da abin, ɗaya na fasawa ɗaya na fitarwa. Binciken baya ya nuna ƙwayoyin gadon sun fi haka yawa, kowace da ɗan rabonta. Amma abin da ya gano na cewa aikin gaɓa-gaɓa ne, kuma ana gadonsa, yana nan daram.

Gaɓar da ta fi muhimmanci ita ce ta farko, wato ganowa. Kusan kowace amya za ta fitar da gawa idan ta ruɓe har wari ya cika wuri. Bambancin yana ga ƙarancin warin da ke isa ya tayar da ma'aikaciya. A cikin amya duhu ne, kuma gurbin a liƙe yake, saboda haka da 'yan ƙahonnin kanta take shaƙa ta cikin murfin, wanda kaki ne mai ƙananan ƙofofin iska. Aikin Marla Spivak da abokan aikinta a Jami'ar Minnesota ya nuna cewa ƙudajen jinsi mai tsafta suna jin warin ɗa marar lafiya tun yana ɗan kaɗan, inda sauran ba sa jin komai. Masu wannan aiki yawanci 'yan kwana 15 zuwa 18 ne, sun wuce reno amma ba su fara fita neman ruwan fure ba. Har a tsakaninsu akwai rabon aiki: masu fara huda murfi sun fi masu janye gawa kaifin hanci. Mai janyewa ba ta buƙatar ƙwarewa sosai, gurbi a buɗe ta tarar.

Wane wari suke ji? Ita kaskar gwana ce wajen ɓuya, tana shafe jikinta da irin sinadaran da ke fatar mai masaukinta har warinta ya saje da nasa. Alamu sun fi karkata ga cewa ɗan tayin da ake tsotsa ne ke canja wari, kuma canjin ya fi ƙarfi idan akwai bairos da yawa a jikinsa. An ware wasu daga cikin sinadaran, ciki har da wasu masu kama da mai da ke ƙaruwa a fatar ɗan da ke da rauni, da kuma wani asid mai suna oleyik da ke fita daga matacce. Wannan yana bayyana wani abu da masu buɗe gurabe ke gani: ƙudan sun fi kai hari ga gurbin da kaska ke haihuwa a ciki, suna wuce wanda uwar ke zaune ba ƙwai. Inda iyali guda ke ci a jikin ɗan tayi, raunin ya fi girma, warin ya fi tashi.

Idan aka fasa gurbin, abin da ke biyo baya ba shi da kyan gani. Ma'aikata kan cinye ɗan tayin daga kai zuwa ƙasa, ko su ja shi waje su yar. Mai duba saƙa zai ga gurabe a buɗe da fararen 'yan tayi da aka gutsure musu kai. Mafi yawan wannan yana faruwa ne a kwanaki biyar na farko bayan rufewa, lokacin da idon ɗan tayin yake fari ko ya fara yin ja-ja, wato daidai lokacin da uwar kaska ta fara saka ƙwai. Ita uwar sau da yawa tana tsira, ta maƙale a jikin wata ma'aikaciya. 'Ya'yanta ne ke hallaka. Amma tsirar tata ba ta da wani amfani sosai, domin kaska ba ta cika samun fiye da zagaye biyu zuwa uku na haihuwa a rayuwarta ba, kuma duk lokacin da take yawo a jikin manya tana cikin haɗarin a kakkaɓe ta ko a cije ta. Wadda aka katse wa haihuwa ta sake shiga wani gurbin ma ba lallai ta haihu daidai ba, don jikinta yana bin alamun da sabuwar tsutsa ke bayarwa ne a sa'o'in farko bayan rufewa, kuma jerin ya riga ya rikice mata.

A ɗauki misali don lissafi kawai. Uwaye ɗari sun shiga guraben ma'aikata, kowace za ta fitar da 'ya 1.4, jimla 140. Idan ƙudan suka fasa rabin guraben, sababbin sun koma 70. Tun da tsofaffin ma suna mutuwa a kowane zagaye, wannan ragi na iya mayar da yawan da ke ninkawa kusan kowane wata ya zama yana tafiyar hawainiya, ko ya tsaya cik. Ba a buƙatar a fasa duka.

Akwai wata dabara mai rahusa da aka fi mayar da hankali a kanta daga wajen 2018: buɗewa a sake rufewa. Ma'aikaciya ta huda murfin, ta shaƙa, sannan wata ta liƙe shi da sabon kaki ba tare da an taɓa ɗan tayin ba. An ga wannan ya yawaita sosai a amyoyin da suka rayu ba magani a Norwe, Suwidin da Faransa idan aka kwatanta da maƙwabtansu masu shan magani. Gane shi ba wuya ga mai hantsaki da fitila. Tsutsa tana saƙa wa kanta siliki a cikin gurbi bayan an rufe ta, don haka idan aka ɗaga murfin a hankali aka kifa shi, cikinsa yana sheƙi gaba ɗaya. Wanda aka taɓa hudawa kuwa yana da tabo a tsakiya, kaki zalla mai dishi-dishi, ba siliki. Girman tabon yana nuna girman hudar. Masana ba su gama daidaitawa ba kan ko buɗewar kanta ce ke cutar da kaskar, ta hanyar sauya ɗumi da laimar gurbin ko ta ba namiji damar ɓacewa, ko kuwa alama ce kawai ta cewa ƙudan suna bincike sosai, suna buɗe har guraben da ke kewaye da mai matsala. Ko wanne ne, amyar da ke yawan buɗe guraben da kaska ke ciki amya ce da ya kamata a sa wa ido.

A nan ne masu kiwo da yawa ke yin tuntuɓe: tsaftar gaba ɗaya daban, tsaftar da ta shafi Varroa daban. Amya na iya zama gwana wajen fitar da matattu amma kaska ta cinye ta, don warin gawa ya fi warin ɗan da ke raye yana shan wahala ƙarfi ƙwarai. A ɗakin binciken ƙudan zuma na ma'aikatar noma ta Amurka da ke Baton Rouge, John Harbo da Jeffrey Harris sun yi shekaru a cikin 1990 suna zaɓen amyoyin da yawancin kaskokin cikinsu ba sa haihuwa. Da farko sun ɗauka wani abu ne a jikin 'ya'yan ƙudan ke hana kaskar haihuwa. A 2005 suka nuna cewa manyan ma'aikata ne ke kwashe guraben masu haihuwa, sai marasa haihuwar su rage, mai ƙirga ya zo ya tarar da su da yawa. Daga nan aka sauya wa halin suna zuwa tsafta mai jin Varroa, wadda ake taƙaitawa da VSH.

Saboda wannan bambanci, sai a san abin da kowane gwaji ke aunawa.

Gwajin daskarewa shi ne mafi shahara. Ana zaɓar firam, wato katakon da ke riƙe da saƙa, mai rufaffun 'ya'yan ma'aikata a cike, a shimfiɗa shi, a dasa bututun roba mai faɗin santimita 7.5 a murɗa shi har ya kai tsakiyar saƙar. Zai kewaye gurabe wajen 160. A ƙirga waɗanda ba kowa a ciki tun farko a rubuta. Sai a zuba ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri: kaɗan da farko don bakin bututun ya kama, sannan sauran, jimla wajen mililita 300. A jira ya narke kafin a cire bututun, in ba haka ba saƙar za ta tsage. A yi wa firam ɗin alama, a mayar, a dawo bayan sa'o'i 24. Amyar da ta kwashe kashi 95 cikin ɗari ko fiye ita ake kira mai tsafta, kuma sai ta maimaita haka a gwaji na biyu. Kurakuran da aka fi yi sanannu ne. Idan naitirojin bai isa ba, 'ya'yan da ke gefe ba sa mutuwa, ƙudan su bar su, a ɗauka amyar ce malalaciya. Idan aka bar sa'o'i 48, har amyar da ba ta da sauri ma na iya cin jarrabawar. Idan kuma an gwada wata amya lokacin da ruwan fure ke shigowa, wata kuma lokacin fari, ba a kwatanta komai ba, domin ƙudan sun fi saurin share gurabe idan suna neman wurin zuba zuma. Safar hannu mai kauri da gilashin kare ido wajibi ne, naitirojin yana ƙona fata nan take.

Gwajin allura ya fi sauƙi, kuma shi aka fi yi a Turai. Ana soke gurabe 50 a jere da siririyar allura har ta ratsa ɗan tayin, a dawo bayan 'yan sa'o'i, sau da yawa shida, a ƙirga waɗanda aka kwashe. Matsalarsa ita ce hudar da ruwan jikin da ke fita suna sauƙaƙa wa ƙudan ganowa, don haka dole a yi amfani da allura iri ɗaya, a soki 'ya'ya masu shekaru ɗaya, a kuma tsayar da lokacin dubawa inda matsakaiciyar amya ta kwashe wajen rabi. In an makara, duka sun gama, ba a ga bambanci.

Duka biyun nan gawa suke aunawa. Suna da amfani wajen tace amyoyi da yawa cikin sauri, kuma amyar da ta ci su tana da kariya ta gaske daga ruɓewar tsutsa da cutar da ke busar da tsutsa ta zama kamar alli. Amma dangantakarsu da yawan kaska sako-sako ce. Sabon gwajin da ya fito daga Jami'ar North Carolina da ke Greensboro ya fi kusa da abin da ake nema: ana fesa haɗin sinadaran warin ɗa marar lafiya a kan wani ɗan da'ira na rufaffun gurabe, a mayar da firam, bayan sa'o'i biyu a ƙirga nawa aka huda. Ba a kashe ɗa ko ɗaya, hancin kawai ake gwadawa.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na buɗe gurabe da hannu, sai dai yana cin lokaci da ido. Ana ɗaukar saƙar da 'yan tayinta suka kai kwana bakwai ko fiye da rufewa, ana gane su da ido mai launin shunayya, daga baya jiki ya fara duhu. A ƙarƙashin gilashin ƙara girma da haske mai kyau, a cire murfi, a zaro ɗan tayin da hantsaki, a leƙa cikin gurbin. Abin da ke fara tona asirin kaska shi ne kashinta, wani farin tabo a bangon gurbin kusa da ƙasa, kuma a kansa iyalin ke taruwa. A rubuta gurbin da uwa ɗaya ce a ciki, a duba ko akwai namiji, a duba ko babbar 'yar ta kai matakin da za ta balaga kafin ƙudan ya fito. Uwar da ba ta da 'ya'ya, ko ba namiji, ko 'ya'yanta sun makara, duk ba ta haihu ba a lissafi. Ana buƙatar irin waɗannan gurabe wajen talatin kafin adadin ya zama abin dogaro, kuma nan ne wahalar take: amya mai kyau kaskarta kaɗan ce, sai a buɗe ɗaruruwan gurabe ba a cika talatin ba. Hanyar kauce wa haka ita ce a ɗauko firam daga amyar da kaska ta yi wa yawa, wanda aka rufe gurabensa kwanan nan, a buɗe wani sashe a san kashi nawa ke da kaska, a saka shi a amyar da ake gwadawa, bayan mako guda a sake ƙirgawa. Raguwar da aka gani aikin ma'aikatan ne kai tsaye. Sharaɗi guda: sai sarauniyar ta yi aƙalla makonni shida zuwa bakwai tana saka ƙwai, don ma'aikatan da ake aunawa su zama 'ya'yanta, ba na wadda ta gabace ta ba.

Samun halin abu ne, riƙe shi wani abu ne. Sarauniya tana barbara a sararin sama da maza goma zuwa ashirin daga amyoyin da ke kewaye, saboda haka ma'aikatan amya guda 'yan uba ne da yawa, kuma wasu dangin ne kawai ke ɗauke da kaifin hancin. Abin daɗin shi ne halin VSH yana taruwa ne daidai gwargwado, ba sai ya cika ba: 'yar sarauniya tsantsa da ta yi barbara da mazan gari tana ba da amya mai matsakaiciyar kariya, wadda take da amfani. Jikarta kuwa ta ragu, tattaɓa-kunne ta kusa komawa gidan jiya. Masu kiwon iri suna magance wannan da ɗura wa sarauniya maniyyi da na'ura, wani lokaci na namiji ɗaya tak don a ga halin a fili, ko da kai budurwar sarauniya tsibiri ko kwarin da ba wasu ƙudan, ko da cika yanki da mazan amyoyin da aka zaɓa. Mai amya goma a tsakiyar masu amya dubu ba zai iya wannan shi kaɗai ba, sai dai ya riƙa sabunta sarauniya daga tushe mai kyau ko ya haɗa kai da maƙwabta. Matse iri da yawa kuma yana da nasa sharrin. Idan dangantaka ta yi kusa, ƙwai da yawa kan zama mazan da ma'aikata ke cinyewa tun suna ƙanana, saƙar ta fito da giɓi-giɓi.

Giɓin saƙa ma abin lura ne, don tsafta ba kyauta ba ce. Kowane gurbin da aka kwashe ma'aikaciya guda ce aka rasa. Idan kaska kaɗan ce, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Idan ta riga ta mamaye kashi mai yawa na gurabe, ƙudan na iya kwashe 'ya'yansu har amyar ta rame. Cin 'yan tayin da ke cike da bairos shi ma yana shigar da cutar jikin masu cin, su kuma su raba wa wasu ta hanyar ciyarwa baki da baki. Don haka tsafta tana aiki ne a matsayin riga-kafi, tana hana wuta kamawa, ba ta kashe wadda ta ci rabin gida. Kada kuma a ruɗe da guraben da aka buɗe a layi madaidaici, 'yan tayin na ciki lafiya lau, bakin gurbin ya ɗan tashi. Wannan yawanci tsutsar asu mai cin kaki ce ta bi ta ƙarƙashinsu. Buɗewar kaska a warwatse take.

Inda aka bar ƙudan da kaskar suka fafata ba magani, abin da ke fitowa ba hali ɗaya ba ne. Ƙudan Asiya yana tsare kaskar a guraben maza kusan gaba ɗaya, domin tsutsar ma'aikaciyarsa tana saurin mutuwa idan aka huda ta, a kwashe ta da wuri, ga shi kuma gwani ne wajen kakkaɓe jiki. A tsibirin Gotland na Suwidin an ajiye amyoyi 150 a 1999 ba magani. Yawancinsu sun mutu a shekarun farko, waɗanda suka rage suka zama masu ƙananan gidaje da kaskar da ba ta haihuwa sosai. A Afirka ta Kudu ƙudan sun daidaita da kaskar cikin 'yan shekaru ba tare da an dogara da magani ba, kuma nau'o'in Afirka suna da ƙarin taimako: kwanakin rufewarsu sun ɗan fi gajarta, suna yawan rabuwa da ƙaura, wanda ke katse haihuwar kaska. Ma'aikatar noma ta Amurka ta shigo da ƙudan gabashin Rasha a 1997 don sun fi kowane ƙudan Turai daɗewa da kaskar. A Jami'ar Purdue kuma an zaɓi jinsin da ke cizon ƙafafun kaska har ta faɗo. Darasin Gotland ba shi ne a daina magani a zuba ido ba. Mai yin haka a yankin da amyoyi suka yi yawa yana asarar mafi yawan ƙudansa, yana kuma aika wa maƙwabta kaska.

Wannan aikawar ce ke kayar da amyoyi masu kyau. A ƙarshen lokacin furanni, amyar da ke mutuwa ba ta iya tsare ƙofarta, ƙarfafan amyoyi su shiga satar zumarta su dawo da kaska a jiki, nata ƙudajen ma su watsu cikin na kusa. Amya mai tsafta na iya karɓar ɗaruruwan kaska cikin makonni kaɗan, a daidai lokacin da sarauniya ta rage ƙwai, kowane gurbi ya samu mai shiga. Saboda haka ƙirga ba ta faɗuwa ko da wane iri ake kiwo. A kakkaɓo ƙudaje wajen 300 daga firam mai 'ya'ya, kimanin rabin kofin awo, bayan an tabbatar sarauniya ba ta ciki, a zuba su a sifirit ko ruwan sabulu, a girgiza minti ɗaya, a tace a ƙirga kaskar da ta faɗo. Shida zuwa tara, wato kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi ne iyakar da yawancin masu ba da shawara ke cewa a ɗauki mataki. A yi haka kowane wata, a rubuta na kowace amya daban. Wadda adadinta ya zauna ƙasa tsawon shekara, alhali na kusa da ita suna hawa, daga ita ake ɗibar tsutsar renon sarauniya. Wadda ta haura iyaka a yi mata magani don ta tsira, sannan a sauya mata sarauniya, a kuma yanke guraben mazanta kafin su fito su yi barbara da 'ya'yan wadda aka zaɓa.